Yadda Aka Hana Bindigogin Jiragen Bama-bamai Daskarewa a Sararin Turai

Duk wanda ya kalli tsofaffin hotunan Yaƙin Duniya na Biyu ya san siffar nan: matashi ya duƙunƙune cikin rigar fatar tunkiya, takunkumin oksijin a fuska, ya dafe bindiga mai jigida a tagar jirgi, kwanson harsashi ya taru masa har idon sawu. Abin da kan ɗaure wa mutane kai shi ne jin cewa wannan bindiga, wadda bututunta ke yin zafin soya fata cikin 'yan daƙiƙoƙi, sanyi kan kulle ta ta ƙi tashi sam. Ta yaya abin da ke aman wuta zai daskare? Amsar tana cikin mai, da ruwa, da ɗan ƙarfin da bindigar ke juya kanta da shi, wanda ba shi da rarar da za a yi wasa da ita.

Inda abin ya faru

Rundunar Sojan Sama ta Takwas ta Amurka, wadda ta yi sansani a gabashin Ingila, ta fara kai hari da manyan jiragenta ranar 17 ga Agusta, 1942, a kan layukan dogo na birnin Rouen a Faransa. Aƙidarta ita ce a kai hari da rana kata, daga can ƙololuwa, tsakanin ƙafa 20,000 da 30,000, inda bindigogin kakkaɓo jirage ba su cika yin sa'a ba. Hawa sama kuwa da farashinsa. A matsakaicin lissafi, duk ƙafa 1,000 da jirgi ya ƙara, zafin iska na raguwa da kusan digiri 2 a ma'aunin Salshiyas. In a ƙasa ana digiri 15, to a ƙafa 25,000, wato kimanin mita 7,600, an doshi digiri 35 ƙasa da sifili. Da hunturun Turai, lokacin da ƙasar ma tana dab da daskarewa, ma'auni kan nuna 40 zuwa 50 ƙasa da sifili. Firizar gida da ke mayar da nama kamar dutse a digiri 18 ƙasa da sifili take aiki.

Manyan jiragen rundunar, B-17 da B-24, ba a matse iska a cikinsu, kuma ɗan ɗumin da ake jawowa daga inji a wajen matuƙa yake ƙarewa. A samfuran farko, tagogin maharba biyu na tsakiyar jirgi a buɗe suke wayam, iska mai gudun sama da kilomita 240 a awa tana kaɗawa ciki na tsawon sa'o'i.

B-17G yana ɗauke da bindigogi 13, B-24 kuwa goma. Jirage 18 zuwa 21 kan jeru cikin tsari guda, kowanne yana kare ɗan'uwansa da wutarsa, domin har wajen ƙarshen 1943 ƙananan jiragen rakiya kan juya tun daga bakin iyakar Jamus saboda ƙarancin fetur. Daga Nuwamba 1942 matuƙan Jamus suka koma tunkarar jiragen gaba da gaba. Gudun ɓangarorin biyu in aka haɗa ya kai kilomita 800 a awa, wato mita 220 a daƙiƙa. Maharbi yana da daƙiƙa biyu zuwa uku daga shigowar abokin gaba inda harsashi zai same shi zuwa wucewarsa. Bindigar da ta yi gardama a wannan ɗan taƙi, ko ta gyaru bayan minti ɗaya, an riga an sha ta a wannan karon.

Yadda bindigar ke juya kanta

Bindigar ita ce Browning AN/M2, mai harsashin rabin inci, wato milimita 12.7. 'Yar'uwar wadda ake ɗorawa a kan motocin soja ce har yau, sai dai an rage mata jiki: bututunta inci 36 ne kuma siriri, nauyinta kimanin kilo 28, tana harba harsashi 750 zuwa 850 a minti. Ta ƙasa mai kaurin bututu ta kai kilo 38, gudunta kuma bai cika wuce 600 ba.

Babu wani inji ko lantarki da ke motsa kayan cikinta. Hankaɗar da harsashi ke yi baya in ya fita, irin wadda mafarauci ke ji a kafaɗa, ita ce dukkan jarinta. Ana harbawa, bututu da mariƙinsa da sakata, wato dunƙulen ƙarfen da ke toshe bayan harsashi, duk su ja baya a kulle tare. Bututun inci 1 da ɗan ɗoriya kawai yake tafiya ya tsaya. Kafin ya tsaya kullin ya kwance, wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe ya karɓi ƙarfin bututun ya cilla sakatar baya wajen inci 7. A wannan tafiya sakatar za ta zare kwanson da ya ƙone, ta fizgo sabon harsashi daga jigida, ta ɗana allurar da ke dukan gindin harsashi, ta matse dogon sifirin. Sai sifirin ya dawo da ita gaba, ta cusa sabon harsashin, ta ja jigida taki ɗaya, ta kulle. Sau 13 ke nan a kowace daƙiƙa. A bayan bututun kuma akwai wata 'yar shokozoba, silinda mai fistin cike da mai, aikinta tare bututun kada ya daki gangar jiki da ƙarfi.

Ƙarfin hankaɗar nan a ƙayyade yake, kuma duk ayyukan da aka lissafa daga cikinsa ake biyansu. Duk abin da ya ci wani kaso a hanya, ko mai ne da ya yi kauri, ko jigida ce da ta sandare, ya rage wa sakata guzuri. In ta kasa kaiwa ƙarshen tafiyarta, ba za ta iya saukar da harsashi na gaba a bakin bututu ba, bindiga ta yi shiru. Sanyi yana ma rage jarin tun daga tushe, domin albarushi mai sanyi ya fi jinkirin ƙonewa, matsinsa ya ɗan sauka.

Akwai zaton da ya yaɗu cewa ƙarfen ne ke tsukewa ya cije. Yana tsukewa, amma kaɗan: sandar ƙarfe mai mita 1 in ta sauka da digiri 60 tana raguwa da kusan milimita 0.7, kuma tunda sassan duk ƙarfe ne, tare suke tsukewa. Illar sanyi ga ƙarfen kansa ita ce gautsi. Ƙananan sassa irin su allura da ƙugiyar zare harsashi sun fi saurin karyewa in aka fara dogon harbi suna sanyi ƙalau.

Mai

Wanda ya taɓa ganin manja ko man shanu ya yi barci a kwalba da sanyin Janairu ya riga ya fahimci rabin matsalar. Man bindiga na yau da kullum, wanda ke tsiyaya kamar ruwa a rumbun makamai, a digiri 40 ƙasa da sifili ya koma kamar zuma, giris kuwa ya koma kamar sabulu. Sakata tana zamewa ne a kan dogayen tsagi cikin mariƙin bututu, jiki da jiki, kuma siririn shimfiɗin mai da ya yi barci a irin wannan faɗi ya isa ya riƙe ta kamar an shafa danƙo.

Wurin da ya fi yaudarar sababbin maharba shi ne ramin allura. Allurar da sifirinta suna kwance cikin matsattsen rami a tsakiyar sakata, inda ido ba ya gani. Ɗigo biyu na mai a ciki sun isa su sa ta tafi da kasala, ta taɓa ƙyastun harsashi, wato ɗan maɓallin gindinsa mai kunna albarushi, ba tare da ta fasa shi ba. Daga waje bindiga tsaf-tsaf, an ɗana ta lafiya, an danna kunama, sai a ji ƙas.

Shokozobar ma da nata sha'anin. In man cikinta ya yi kauri, fistin ba ya ratsa shi da sauri, ta danne bututu fiye da kima, gudun harbi ya faɗi ko ya tsaya. In kuma ta yi yoyo man ya ragu, ƙarfe ya riƙa dukan ƙarfe har wani abu ya tsage. Don haka da nata siririn mai na musamman ake cika ta, a zuba har ya tumbatso babu kumfar iska, a ɗaure murfin, a duba ko tana tsattsafo. Ana iya juya silindar a buɗe ko a tsuke hanyar man, kuma hannun da bai sani ba kan bar ta a tsuke.

Sai kuma gadon masana'anta. Sababbin bindigogi sun ƙetaro teku daga Amurka a dulmuye cikin kakkauran giris mai hana tsatsa. Sai an warware su gunduwa-gunduwa an jiƙa a ruwan wanke maiƙo, an bi kowane rami da buroshi, musamman ƙananan ramukan sifirin na ƙugiyoyin da ke jan jigida. Abin da ya maƙale a can ba ya nuna kansa a ƙasa. Sai an kai ƙafa 20,000 ƙugiya ta shiga ta ƙi dawowa.

Maganin da hukumar makamai ta fito da shi shi ne siririn mai da ba ya barci a irin wannan sanyi, mai lamba AXS-777, tare da ƙa'idar shafa shi. Ba a ɗiga shi daga gwangwani. Tsumma mai tsabta ake jiƙawa, a matse shi sosai, a goge kowane sashe har ya ɗan yi sheƙi kawai. In aka ja yatsa a kai ya bar sawu, man ya yi yawa. Cikin bututu da mazaunin harsashi kuwa a bushe ƙayau ake barinsu kafin tashi, domin mai a wurin yana hana kwanso kama bango, duk matsin ya koma kan sakata.

A nan ne ra'ayi ya rabu. Wasu maharba sun gwammace su wanke komai da fetur su bar shi a bushe. Hujjarsu mai sauƙi ce: abin da babu shi ba ya daskarewa, harsashin da za a harba a fita ɗaya 'yan ɗaruruwa ne, kuma cinyewar ƙarfe ba abin damuwa ba ce ga jirgin da ba a da tabbacin dawowarsa. Masu kula da makamai suka ce gogayyar busasshen ƙarfe ma tana cin ƙarfin sakata, in bindiga ta yi zafi sassan kan ciji juna, tsatsa na kama su cikin dare ɗaya, kuma ƙanƙara ta fi manne wa ƙarfen da ba shi da maiƙo. Dokar hukuma ta tsaya a kan shafa kaɗan. In aka duba da kyau tazarar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ba ta kai kaurin gashi ba, domin abin da dukkansu ke gudu shi ne hannun makanike mai kyauta, wanda ya taso da sanin cewa mai ba ya yi wa inji yawa.

Jiragen yaƙin da aka riƙa bi da su daga 1940 ta Takoradi, Kano, Maiduguri, Fort Lamy (N'Djamena ta yanzu) da Khartum zuwa Masar sun tarar da wannan magana ta wata fuska. A hamada ƙura ce ke manne wa mai ta zama kamar kwaɓin siminti mai cin ƙarfe, kuma maganin bai canza ba: mai kaɗan, a rufe bakin bindiga.

Ruwa

Ingila ƙasar hazo ce da yayyafi, jiragen kuma a fili suke kwana. Raɓa na sauka a kan komai. Bayan tashi, ana ɗaukar awa ɗaya ko fiye ana kewayawa ana haɗa jeri, sau da yawa ta cikin gajimare. A cikin irin wannan gajimare akwai ɗigon ruwa da ya wuce sifili da sanyi amma bai daskare ba, yana taɓa ƙarfe ya zama ƙanƙara nan take. Ga ruwan sama da ke shigowa ta taga, ga tururin numfashi da ke ɗiga daga takunkumin maharbi a kan murfin bindiga. Ƙanƙara mai kaurin takarda a hanyar jigida, ko a tsakanin zobban da ke haɗa harsasai, ta isa.

Alƙiblar tafiyar ƙarfe tana da muhimmanci. Fitar da shi daga ɗumi zuwa sanyi ba ya kawo ruwa. Shigar da ƙarfe mai sanyi cikin ɗumi shi ke sa shi gumi, kamar kwalbar lemo da aka ciro daga firij da rana. Saboda haka jirgin da ya sauko ƙasa-ƙasa don kauce wa hadari sannan ya sake hawa ya jiƙa bindigoginsa da kansa ya kuma daskarar da su. Kowace bindiga ma tana dawowa gida a jiƙe, ko an harba ta ko ba a harba ba.

Akwai wani ruwan da dole a zuba shi da gangan. Ƙyastun harsasan Amurka na wancan zamani kan bar wani gishiri a cikin bututu, mai jawo laima, wanda ke haƙa ramukan tsatsa cikin kwana ɗaya ko biyu. Mai ba ya narkar da shi. Sai ruwan wankin bututu na musamman, ko ruwan zafi da sabulu, kuma ƙa'ida ita ce a maimaita wankin kwana uku a jere bayan harbi. Wato ana kawar da wata masifa da abin da ke haddasa wata, kuma abin da ke raba su shi ne busarwa. Bututun da aka wanke da dare cikin gajiya aka jingine shi da ɗan danshi a mazaunin harsashi, gobe a sama toshe ne.

Aikin ƙasa

Makarantun horar da maharba suna Las Vegas a Nevada, Kingman a Arizona, Harlingen da Laredo a Teksas, da wasu a Fulorida, duk wurare masu zafi da sararin samaniya garau. An zaɓe su don a samu ranakun tashi da yawa. Yaro ya yi 'yan makonni a can, ya iya warware bindiga ya mayar ido a ɗaure, amma bai taɓa ganin ta daskare ba. Sai da rundunonin Ingila suka sake koyar da mutanensu kula da makami daga farko.

Tsarin da aka zauna a kai shi ne raba bindiga da jirgi bayan kowace fita. Gangar jikin tana zama a mazauninta, a zare kayan ciki. A cire farantin baya, kuma sai sakata tana gaba, domin in tana baya sifirin a matse yake, sandarsa na iya fitowa kamar kibiya ta huda mutum. A zare sifirin, a zare sakata, a zare shokozoba tare da bututu da mariƙinsa. A kai su rumbun makamai, a wanke, a busar, a duba tsagewa da lanƙwasa da kaifin ƙugiyoyi, a shafa mai na ajiya. Da asuba maharbi ya karɓi kayansa, ya goge man jiya da duk wata laima, ya yi shafar ƙarshe, ya goge cikin gangar jikin da ta kwana a raɓa, sannan ya haɗa.

Bayan haɗawa sai saiti biyu. Na farko shi ne tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da gindin bututu, wadda ake gyarawa ta hanyar murɗa bututun ciki ko waje, ƙas bayan ƙas. Ma'auninta ɗan ƙarfe ne mai baki biyu: ɓangaren inci 0.202 dole ya shiga, na inci 0.206 dole ya ƙi shiga. Bambancinsu kusan milimita 0.1 ne, kaurin takardar rubutu. In tazarar ta matse, bindiga na iya harbawa lafiya a ƙasa, amma a sama siririyar ƙanƙara ta hana sakata rufewa sarai. In ta yi sako-sako, kwanso ya tsinke biyu, rabin gaba ya maƙale a bututu, harsashi na gaba ya zo ya cusa kansa a ciki. Cire wannan sai da ɗan makami na musamman, kuma aiki ne mai wuya ko da hannu tsirara a kan tebur. Saiti na biyu na lokacin sakin allura ne: da ma'aunin inci 0.020 a tsakani dole ta saki, da na inci 0.116 dole ta ƙi.

Jigida ma ana bin ta ɗaya bayan ɗaya. A shimfiɗa ta, a ga kowane harsashi ya zauna daidai da 'yan'uwansa a cikin zobba, domin wanda ya leƙo gaba ko ya noƙe baya shi zai tsayar da harbi. A cire zoben da ya yi tsatsa ko ya lotsa, a naɗe ta a warware a ji tana lanƙwasa ba gardama. Ba a shafa wa harsashi mai. Harsashi 100 da zobbansu sun kai kilo 13 zuwa 14, kuma sakata ce ke jan wannan nauyi ta cikin lanƙwasassun magudanai, a jirgin da ke karkata yana girgiza. Shi ya sa a wasu wuraren aka sa ƙananan injinan lantarki masu taya ta ja.

A sama: gwaji da hita

Da jeri ya hau kan teku, matuƙi kan ba da izinin gwaji, kowa ya saki ɗan gajeren harbi zuwa inda babu jirgi. Amfaninsa a fili yake: gara a gano matsala da sauran rabin awa. Amma yana da nasa haɗarin. Harbi na ɗumama ƙarfe, ƙanƙarar da ke kai ta narke, ruwan ya gangara cikin lunguna, bayan 'yan mintoci ya sake daskarewa a wurin da ya fi na da muni. Masu la'akari da wannan sun fi son a jinkirta gwaji har an fita daga gajimare an kai inda iska ta bushe, sannan a riƙa ja da sakin hannun ɗanawa lokaci-lokaci don kada sassan su manne. Kowane ja yana zubar da harsashi ɗaya mai rai, asarar da ba ta taka kara ta karya ba.

Daga baya aka wadata jirage da hitar bindiga, samfurin J-1 da J-4. Ƙaramin faranti ne da ake maƙalawa a kan murfin gangar jiki, saitin inda sakata ke kai da komo, yana shan lantarkin jirgi mai ƙarfin bolt 24. Kuskuren da aka fi yi da ita shi ne jira sai an ji sanyi. Ƙarfinta na riƙe ɗumi ne, ba ta iya narkar da kilo 28 na ƙarfe da ya riga ya sandare a cikin guguwa, don haka tun kafin a yi nisa da hawa ake kunna ta. Ba ta kai ɗumi ga jigida ko magudananta. Wayarta na gogar ƙarfe duk lokacin da aka juya bindiga har ta tsinke, kuma janaretocin jirgin su ne ke ciyar da ita da rigunan ɗumi da rediyo da akurkin maharba masu juyawa. Ta rage matsala ƙwarai ga bindigar da aka wanke da kyau. Wadda aka cika da mai ko aka haɗa da danshi, hita ba ta cika cetonta ba.

Gyaran da ya taimaki mutum da makami a lokaci guda shi ne rufe tagogin tsakiya da gilashin roba a samfuran B-17G na baya, bindiga ta leƙa ta cikin ɗan rami.

In ta cije

Matakin farko bai canzawa: a ja hannun ɗanawa har ƙarshe, a sake shi ya tafi da ƙarfin sifirinsa ba tare da an raka shi ba, a gwada. In ta ƙi, a sake. Harsashin da ya faɗo shi ke ba da labari. In gindinsa ya lotsa sosai, harsashin ne mara kyau, an wuce wurin. In ɗan tabo ne kawai, allura ce ke kasala, mai ko ƙanƙara na raminta. In babu tabo ko kaɗan, allurar ta karye ko ba ta sakuwa. In kuwa babu abin da ya faɗo, matsalar tana wajen jigida, sai an ɗaga murfi.

Ɗaga murfi da tsintar zoben da ya karkace aikin yatsu ne, maharbi kuwa safar hannu hawa uku ce a hannunsa: siririya ta siliki ko makamancinta a ciki, mai waya ta ɗumi a tsakiya, ta fatar tunkiya a waje. An hore su su cire na wajen su bar ta cikin, domin fata tsirara mai ɗan gumi in ta taɓa ƙarfe a wannan sanyi mannewa take, a janye a bar ta a can. Cikin ruɗanin faɗa da yawa sun cire duka. Minti ɗaya ko biyu sun isa yatsu su yi fari su mutu, abin da likitoci ke kira ƙunar sanyi, wadda kan kai ga yanke yatsu. Alƙaluman likitocin rundunar na shekarar farko sun nuna waɗanda sanyi ya kwantar sun fi waɗanda harsashi ya raunata yawa, kuma maharban tsakiya da na wutsiya ne kan gaba.

Rigar lantarki ta farko, F-1 mai launin shuɗi, wayarta zare ɗaya ce da ta zagaye jiki, in ta tsinke a gwiwa ko gwiwar hannu duk rigar ta mutu. Samfuran da suka biyo baya sun raba layukan. Takunkumin oksijin ma tururin numfashi na daskarewa a cikinsa ya toshe hanya, sai an riƙa matsa robar ana farfasa ƙanƙarar. A ƙafa 25,000 mutumin da iskarsa ta yanke yana da minti uku zuwa biyar na hankali, kuma ba ya jin zuwan abin. Maharbin da ya duƙufa kan bindigar da ta cije shi ya fi kowa mantawa da wannan.

Zafi a tsakiyar sanyi

Bindigar da aka sha wahalar hana ta daskarewa tana iya ƙonewa cikin rabin minti. Bututun siriri ne, iskar ƙafa 25,000 kuma kaurinta bai kai rabin ta ƙasa ba, don haka ba ta kwashe zafi yadda ake zato. Dogon harbi ba ɗagawa yana cinye tsagin cikin bututu, harsasai su riƙa fita suna wuntsila. Tunda wannan bindiga da harsashi a ciki take jira, zafin bututu kaɗai na iya tayar da shi ba wanda ya taɓa kunama, a cikin jerin da jirgin abokai ke kowane gefe. Shi ya sa ake nanata gajeren harbi, kuma ba a ɗaga murfin bindiga mai zafi da ta cije nan take. Wajen ƙarshen yaƙin aka fara saka wa bututu rufin ciki na wani gauraye mai jure zafi da ake kira Stellite.

Birtaniya, Jamus da abin da ya biyo baya

Jiragen Birtaniya irin su Lancaster da Halifax da dare suke fita, yawanci a wajen ƙafa 20,000, da ƙananan Browning masu harsashin inci 0.303. Albarushin Birtaniya ya fi saurin tashi da zafi, sai suka sauya bindigar ta riƙa jira sakata a buɗe. Wannan ya magance tashin harsashi da kansa, ya kuma buɗe wa iska mai sanyi hanya ta bi ta bututu har cikin gangar jiki. A ƙaramin jirgin yaƙi na Spitfire an magance haka tun 1938 da jawo iska mai ɗumi daga lagireto zuwa cikin fiffike, aka kuma riƙa liƙe ramukan bindiga da jan ƙyalle da harsashin farko ke hudawa. Wannan dabara ba ta yiwuwa a akurkin wutsiyar Lancaster, inda rabin kowace bindiga ke waje. Da matsin mai akurkin yake juyawa, ta dogayen bututai daga famfon da ke kan inji, kuma maharba da yawa sun cire gilashin gabansu da hannunsu, suka zaɓi sanyi a kan gilashin da ke yin hazo ya ɓoye musu jirgin da ke laɓowa.

Jamusawa a bindigarsu MG 131 mai milimita 13 lantarki ne ke kunna harsashi. An yi haka ne don daidaita harbi ta tsakanin farfela, amma ya raba su da matsalar allura mai kasala.

B-29 na Amurka ya shigar da maharba ɗaki mai matsin iska da ɗumi, suna sarrafa bindigogi daga nesa. Mutum ya tsira daga sanyi, bindigogin kuwa suna waje inda hannu ba ya kaiwa, duk abin da aka yi sakaci da shi a ƙasa sai an sauka. Gwaje-gwajen sansanin Ladd a Fairbanks ta Alaska, da babban ɗakin sanyi da aka kammala a Eglin ta Fulorida a 1947, sun tsayar da ma'aunin da ake bukata kayan jirgin soja su yi aiki a kai: digiri 54 ƙasa da sifili. Magajiyar bindigar ita ce AN/M3 mai harba kusan 1,200 a minti, wadda aka jera shida a hancin jirgin F-86 a yaƙin Koriya.